Muryar Inna a Kwamfutar Shago

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya sanyin Jos? Ya Alhaji da yara? Ƙafar taki ta yi sauƙi? Mu nan Dala lafiya lau.

Tsohuwar kwamfutar shagona ce ta ƙi karɓar sabuwar manhaja, wai kayan cikinta sun tsufa, sai dai in sayi wata. Ni da na kafa shago a Kurmi da hannuna, inji zai ba ni umarni? Na sa mai gyara ya ɗura mata ita da ƙarfi.

Tun ranar, da la'asar sai ta kunna kanta da kanta, muryar marigayiya Inna ta fito, wadda na naɗa a ciki tana jinya: "Ɗanlami, ka dawo?" Na nemi fayil ɗin in kwafe, babu shi. Mai gyara ya ce sai an goge komai, kuma ba mu da muryarta ko'ina sai nan.

Yaya, in goge? Ki yanke, ni na kasa. Jiya ina ni kaɗai, na ji bakina ya ce, "Na dawo, Inna."

Ki sa mu a addu'a, ni da ita. Ki gaishe da Alhaji.

Ƙaninki,
Ɗanlami