Mariƙin Agogon Baba Ermete

Zuwa ga Saveta, Maman Mirela,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mirela da mijinta. Yaya ciwon bayan? Iya tana dai cin abinci? Ni lafiyata ƙalau, sai gajiya, ita kuwa ta zama 'yar gida.

Na san kin share ɗaki kina jirana ƙarshen kaka. Ba zan zo ba tukuna. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Kin san Baba Ermete, wanda nake haya a gidansa tun da na zo Italiya aikin gyaran ganuwar garin nan. Shi ke wana agogon hasumiya kowace safiya, kamar yadda ubansa ya yi. Tun bazara gwiwoyinsa suka ƙi, yanzu goya shi nake mu hau. Matakalar dutse ce mai murɗewa, ƙafafun magabata sun cinye tsakiyarta har ta yi kwarmi kamar akushi. Ga duhu, ga warin kashin tantabara. A tsakiyar hasumiyar akwai rami daga sama har ƙasa, inda duwatsu biyu ke reto a jikin igiya, kowanne ya kai rago. Nauyinsu ke tafiyar da agogon. Ina hawa ina jin numfashin tsohon a wuyana kamar ana yaga tsumma. In na tsaya hutawa sai ya ce, "Jakin nan nawa ya tsufa, kasuwa zan kai shi." In ce, "Baba, wa zai saya? Kai ma kyauta ka samu."

Za ki ce me ya hana in wana masa, shi ya zauna a gida. Nan gizo ke saƙa. A garin nan ba mai taɓa ƙarfen agogo sai wanda aka haifa a cikin ganuwa. Sun ce a zamanin kakanni wani baƙo ya taɓa, a shekarar annoba ta share rabin gari. Asibitin haihuwa kuwa yana gindin tudu, bayan ganuwa, kuma tun kafin a haife mu can matansu ke haihuwa. Suka wayi gari 'ya'yansu duk baƙi ne. Waɗanda aka haifa a ciki, wanda ba ya maƙabarta yana kan gado.

In na sauke shi a ɗakin agogo sai in koma gefe, in harɗe hannuwa a baya. Mariƙin ƙarfe ne kamar na injin markaɗe, amma ya fi hannuna tsawo. Yana juyawa dutse na hawowa. Akwai ɗan harshen ƙarfe da ke tare mariƙin kada ya koma baya, sai dai ya cinye, wani sa'in ya kama, wani sa'in ya zame. Ran da ya zame tsohon na tsakar juyi, dutse zai fizgo mariƙin, kuma daidai kansa zai bi. Abin da ya hana ni tahowa ke nan.

Duwatsun ganuwarsu ni na ɗauka, tsohonsu ni nake ɗauka, amma ƙarfe ya fi ƙarfina. Ban ce mugaye ba ne. Da na kwanta ciwon huhu, Inna Cesira mai burodi ce ta ciyar da ni har na miƙe. Amma komai daɗewarka a gidan wani, akwai ƙofar da ba taka ba.

Saura mutum ɗaya: 'yarsa Ornella, wadda aka haifa a gida shekarar da ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. A birni take aiki. Na aika mata. Tana karɓar aikin agogon zan taho.

Ki gaishe da Iya da makwabta.

Mijinki,
Toader

*

Saveta,

Ina gaishe ki da kyau. Na ji Iya ta samu sauƙi, Allah ya ƙara. Kin ce ko tsohon nan ne ya haife ni. Ban ji haushi ba, da ni ne a gida abin da zan faɗa ke nan.

Ornella ta zo ran Asabar. Ba ta biya ta gida ba. Layi ta shiga da masu yawon buɗe ido, ta sayi tikiti kamar kowa. Muna sama muka ji su suna hawowa da surutu da dariya, ita ce a ƙarshe, tana dafa bango da hannu biyu, ta ƙi kallon ramin. Fuskarta ta yi fari fat.

Tsohon ya dube ta ya ce, "Kuɗi kika biya ki hau hasumiyar ubanki?"

Ta ce, "Baba, ai gara in biya, in na sauka ba wanda ke bina komai."

Ya ce, "Kin yi ƙiba. Zo ki kama nan."

Ba ta kama ba. Ta cusa hannuwanta a aljihu, ta ce magajin gari ya daɗe da cewa za a sa inji. Tsohon ya ce injin a wace unguwa aka haife shi. Baƙin suka yi ta ɗaukar hoto, sun ɗauka wasa ne aka shirya musu. Ana haka agogo ya buga, ƙararrawar tana saman kanmu, katakon da muke kai ya girgiza, ƙura ta zubo. Na ga igiyar tana rawa a cikin ramin bayan ƙarar ta mutu.

Da muka sauka ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam Toader, kai ne za ka kashe shi. Da ba ka goya shi, da tuni ya haƙura." Na so in ce mata ni ba ubana ba ne, kuma ba ni na bar shi ba. Amma maganarta da ƙamshin gaskiya. Ita ma ban ga laifinta sosai ba. Wa zai bar aikinsa da 'ya'yansa ya dawo bautar agogo har mutuwa? Da yamma ta hau mota ta koma.

Na gwada shawararta. Ran Litinin na fice da sassafe, na zauna a shagon Inna Cesira da kofin gahawa. Ta dube ni, ta dubi hasumiya, ta ce, "Yau jaki hutu yake?" Na ajiye kofin. Na tashi na je. A murɗa ta biyu na same shi, yana rarrafe da hannu da gwiwa, a gefen da ba bango, hularsa ta riga ta faɗa ramin. Na durƙusa, ya hau.

Sanyi ya shigo. Da safe yatsunsa ba sa lanƙwasuwa sai na hura masa. Jiya harshen ƙarfen ya zame, ya sake kamawa da kansa. Muka dubi juna. Ya ce, "Ba ka ga komai ba."

Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Toader

*

Maman Mirela,

Ina fatan kuna lafiya. Kada rubutun ya tsorata ki, a kan gwiwa nake yi, hannun hagu na cikin ɗori.

Shekaranjiya abin ya faru. Dutsen ya kusa kaiwa sama sai na ji ƙas, mariƙin ya ƙwace daga hannunsa ya juyo. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na tare shi. Ya karya mini hannu a wuri biyu, na danne da ƙirji har harshen ya kama. Tsohon ya zauna daɓas a ƙasa, ko ƙwarzane babu. Wasu baƙi biyu na tsaye a bakin matakala, kafin in isa asibiti gari ya ɗauka cewa baƙo ya taɓa ƙarfen agogo.

Ba wanda ya zage ni. Da zagin suka yi da ya fi mini. Magajin gari ya zo ya yi godiya, yana magana yana kallon takalminsa. Inna Cesira ta aiko da miya, amma a bakin ƙofa aka ajiye. In na ratsa dandali hira sai ta tsaya. Jikan mai kantin magani ya kwana da zazzaɓi, na ji wata na tambayar wata ko tun yaushe ya fara. Mutanen nan sun yi boko, suna da likitoci a cikinsu. In kin tambaye su za su ce tatsuniya ce. Amma jira suke, Saveta, kowa jira yake ya ga ta inda za ta ɓullo, kuma duk abin da ya zo cikin hunturun nan sunana ne a kai.

Jiya da safe tsohon ya sa kwat ya fito ya tsaya a tsakar gida kamar kullum. Ya dubi ɗorin. Ba mai goya shi, samarin garin kuwa ba wanda ya leƙo. Muka zauna a dakalin ƙofa, shi can ni nan. Rana ta take, mutane suka firfito suna ɗaga kai. Ƙararrawar ba ta buga ba.

Can ya ce, "Da ka bari ya same ni."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "Da an binne ni da agogona yana tafiya."

Na ce, "Da an binne ka dai."

Ya tashi yana dafa bango ya shige, ya turo ƙofa. Tun daga nan bai ƙara yi mini magana ba. Ornella za ta zo ta tafi da shi birni, ta ce in bar makulli a wurin Inna Cesira. Yana da rai, yana cin abinci, ba ya son ganina. Na auna abin ta kowane gefe, ko yau aka sake, hannun zan miƙa.

Motar da ke zuwa wajenmu ran Alhamis take tashi. Ba zan jira a kwance ɗorin ba. Ki ce wa mijin Mirela ya tare ni a tasha, ba zan iya ɗaukar jaka ba.

Mijinki,
Toader