Zaren Maris da Kunnen Dutse

Zuwa ga 'yata Rositsa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kare ku daga sanyin ƙasar Holan. Mu nan gwiwoyina suna ta tsegumi kamar kullum, mahaifinki Lachezar yana cin abinci amma ba ya barci, Gwaggonki Ginka kuwa, to, saboda ita na ɗauki alƙalami.

Kin san na'urar da mahaifinki ya haɗa ya binne a gefen dutsen da ke bisa ƙauyenmu, wadda muke kira kunnen dutse. Ita ke jin motsin ƙasa tun kafin kare ya ji, ta tayar da jiniya mu gudu. To tsawa ta ƙona ta a ƙarshen hunturu. Bai damu ba, don yana da gwangwanin transistocin baifola, ƙananan ƙarafunan lantarkin da na'urar ke ji da su, waɗanda marigayiya mahaifiyarki Nevena ta bari daga masana'antar Botevgrad. Kin tuna yadda take zama da hantsaki, ba ta taɓa su da yatsa don ɗumin jiki kaɗai yana canza awonsu, tana gwada su har ta samo biyu masu hali ɗaya, sannan ta ɗaure su da guntun zaren Maris, ja da fari, kamar yadda matan sashensu duka suke yi. Zaren nan kaɗai ke nuna wane ne abokin wane.

Ranar Asabar Ginka ta zo share wa mahaifinki shago. Tana cikin shara ta hango shamuwar farko ta bana a kan rufin coci. Kin san al'ada, in an ga shamuwar farko sai a kwance zaren Maris daga hannu a ɗaura a jikin itace. Ta kwance zaren hannunta, ta kwance nawa ba tare da ta tambaye ni ba, sai idonta ya faɗa kan gwangwanin. A cewarta gabanta ne ya faɗi, wai zaren Nevena shekara da shekaru a kulle cikin duhu ba a kai shi jikin itace ba, ina alheri zai shigo gidan nan? Ta zauna ta warware su tas, ta ɗaura a itacen tuffa na bakin rijiya, ta juye ƙarafunan wuri ɗaya kamar wake. Itacen dai ya yi kyau, ba zan ɓoye miki ba.

Da Lachezar ya shigo bai yi ihu ba, kuma gara a ce ya yi. Ce mata ya yi, “Yaya, kin raba auren da ba ke kika ɗaura ba.” Ita kuma ta ce, “Kai da ka ajiye ran ƙauye guda a gwangwanin alewa, ni za ka gaya wa hankali?” Tun ranar ba su sake magana ba. Ya gwada sake haɗa su, amma hannunsa yanzu rawa yake yi, hantsaki ba ya tsaya masa. Waɗanda ya haɗa da ka ya sa a na'urar, rana na dukan akwatin sai awo ya karkace, jiniya ta tashi babu dalili. Mutane suka fito da akuyoyi da tsofaffi a baro, suka koma suna zagi.

Magajin gari ya zo ya sha mana barasarmu ta gida, rakiya, ya ce zamanin waɗannan ƙarafunan ya wuce, ai 'yarku ma ta faɗa a teburin sabuwar shekara kowa na ji. Ya yi odar sabuwar na'ura, za ta iso tsakiyar bazara. Na ce masa sai ya aika wa dutsen ya jira. Bai yi dariya ba. Rosi, na tuna kin faɗi haka, amma na tuna kuma da aka kawo banitsa, wainar cukun nan, kika sassauta, kika ce sabon nau'in transisto, mosfet, ya cinye duniyar lissafi, sai dai in ana son jin abu mai raɗa-raɗa daga irin kunnenmu, ko awon da zafi ba ya ruɗa shi, har gobe baifola kuke ɓoyewa a cikin sababbin kayanku, kuma yanzu ana yin biyu masu hali ɗaya, tagwaye, a gida ɗaya tun daga masana'anta. Mahaifinki ya ce ko an aiko su ba za su zauna a tsohon allon na'urarsa ba sai an sake zane, kuma wannan aikinki ne na injiniya. Girman kai ba zai bar shi ya kira ki ba.

Ga abin da ya hana ni zama. Dusar ƙanƙara ta fara narkewa, ruwan rafi ya koma launin ƙasa, tsagar da ke bayan makabarta ta buɗe har hannuna yana shiga. Ginka kuwa kullum da asuba tana ɗaukar kujera da ƙararrawar shanu ta hau, ta zauna a bakin tsagar har rana ta faɗi. Na bi ta ina haki, na ce ta sauko. Ta ce ita ta kurmantar da dutsen, ita za ta zama kunnensa, in ya motsa za ta kaɗa. Na tambaye ta wa zai kaɗa mata ita. Sai ta miƙo mini burodi.

Ki zo da tagwayen baifolan nan naki, ki zo da hannunki mai tsayawa. Ba na'ura nake roƙo ba, Gwaggonki nake so ki sauko mana da ita.

Ki gaida Plamen, ki shafa mini kan Yasen da Bilyana. Kawunki Zdravko da matarsa suna gaishe ku. Hantsakin mahaifiyarki yana kan tebur, na goge shi.

Baffanki,
Kostadin