Yashin da Bai Bushe Ba

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikin naki, ya ƙafar? Ina fata maigidanki da yara duk suna lafiya.

Na rubuto ne don kada ki ji a bakin wani. Autanmu yana asibiti tun ranar Litinin. Ido ne, na hagu.

Kin san aikina, amma ba ki taɓa tsayawa kin ga yadda ake yin sa ba. In za a lanƙwasa fayif, ana ɗura masa yashi har baki don kada ya lotse, a toshe kai da gindi da itace, a gasa wurin har ya yi ja, sannan a ja shi a jikin tsohon wilin mota. Shekara ashirin da shida haka nake yi, ba wanda ya koya mini. Masu inji har gobe ni suke turo wa aikin da ya gagare su. Sharaɗin ɗaya ne, yashin ya bushe ƙarau. In da danshi a ciki, wuta za ta mai da shi tururi, tururi kuwa sai ya nemi hanya.

Makarin matakalar wani bene muke yi. Ni ke riƙe da wuta, Auta yana riƙe da bakin fayif. Itacen toshiyar ya fita kamar harsashi, ya same shi a ido. Bai yi ihu ba. Zama kawai ya yi a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu, yana tambayata ko aikin ya lalace.

Jibi za a yi masa tiyata. Matarsa tana wurinsa da tsohon cikinta. Ni kuwa washegari na buɗe shago na ƙarasa makarin, ya fito yadda ake so. Ina cin abinci, ina barci. Ina ta jira in ji wani abu a raina, har yanzu shiru.

Ki sa shi a addu'a. Ki gaida mutanen gida.

Ƙaninki,
Mai Walda

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso, an gode. Allah ya bar zumunci.

An yi aikin, an sallame shi. Ba za a san abin da idon ke ciki ba sai an cire bandeji. Likita ya ba da takarda da Turanci, ni na karanta musu da ɗan abin da na tsira da shi daga sakandare. An hana shi sunkuyawa har mako shida, ko cokali ne ya faɗi kada ya ɗauka, don jini kan taru a idon. Kalmar da likitan ya rubuta ita ce dai wadda injiniyoyi ke rubuta mini a zanen aiki in suna so a lanƙwasa ƙarfe. Na duba ta sau biyu.

Matarsa ita ma ba ta iya kai hannu ƙasa. Don haka kullum da safe kafin in buɗe shago nakan biya, in ɗauko masa bokiti, in wanke masa ƙafa, in sa masa takalmi. Ran farko yana kallon ƙeyata ya ce ashe Maigida yana da gwiwa, shi ya ɗauka rodi aka sa mini. Matarsa ta yi dariya. Shekara goma sha huɗu yana aiki a ƙarƙashina, Maigida yake ce mini kamar kowa, don ni na ce a shago babu wa babu ƙani.

Yaya, akwai abin da ban rubuta ba a waccan wasiƙar. Ni na ɗura yashin. Da safen ranar da abin ya faru Auta ya damƙi yashin a hannu, ya ce yana jin sanyi a cikinsa, a shanya shi a kan kwano ya ƙara wuni ɗaya. Na ce masa ina lanƙwasa ƙarfe tun yana fitsarin kwance. Ya kama bakin fayif.

A asibiti kafintan da ke maƙwabtaka da shagonmu ya tambaye ni yadda aka yi. Na ji bakina yana cewa Auta ne ya yi gaggawa wajen ɗurin yashi. Ban shirya faɗa ba, ban kuma janye ba. Yanzu duk layin haka suka sani. Har matarsa jiya tana yi masa faɗan garaje, ina durƙushe ina ɗaure masa igiyar takalmi. Na gama ɗaurewa na tafi aiki.

Ke kaɗai na gaya wa. Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Mai Walda

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata wannan ta same ku lafiya. Na karanta amsarki. Layi biyu ne, amma na gane.

An cire bandeji ranar Talata. Idon ya tafi. Yana bambance haske da duhu, shi ke nan. Likita ya ce aikin wuta da ido ɗaya ganganci ne. Auta ya ce to, ya nemi a miƙo masa hularsa.

Washegari da safe na faɗa masa gaskiya, a gaban matarsa, da takalminsa a hannuna. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce ni na ɗura yashin, ya gargaɗe ni na ƙi ji, na kuma ɗora masa laifin. Matar ta tashi da ƙyar ta shige ɗaki.

Na ɗauka bai san me na gaya wa kafinta ba. Ashe yana kwance a gadon asibiti yana jin mu, labule ne kawai a tsakani. Mako biyar ina wanke masa ƙafa yana kallona da ido ɗaya, yana jira.

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ta ido na yafe tun a ƙasan shago, tsautsayi ne. Ɗayar kuwa ba a ɗakin nan ka faɗe ta ba."

Daga nan wurin kafinta na nufa. Da hantsi ne, bencinsa cike da mutanen layi, mai faci da tela da direbobi biyu. Na tsaya a tsakiyarsu na maimaita abin da na faɗa a ɗaki, ban rage komai ba. Tela ya duƙar da kai yana kallon ƙasa. Kafinta ya ci gaba da fere katakonsa, can ya ce in matsa, ina tare masa haske. Mutanen da a da ke miƙewa in na zo wucewa ke nan.

Na buɗe shago, na zauna har azahar ban kunna wuta ba. Ba zan ce miki na ji sauƙi ba, ba zan ce na ji ciwo ba.

Saura mako guda a cikin shidan da likita ya ɗiba, kuma har yanzu ba mai sa masa takalmi in ba ni ba. Bai ce in zo ba, bai ce kada in zo ba. Gobe da safe zan je in ƙwanƙwasa.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ƙaninki,
Mai Walda