Wutar da Audu Ya Kashe

Daga Lafiya, zuwa ga angona Bukar a Lakwaja.

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zafin bakin kogi? Ina fatan ciwon ƙafar nan ya sake ka. Mu nan jiki lau, zuciya ce ba daɗi.

Ƙanenka Audu ya samu aikin dogarin daji. Bature ya ba shi hula, ya ce ya hana sa wa daji wuta. Tun ranar ba ya jin maganar kowa.

Ka san bayan girbi nakan ƙone ciyawar gindin ɗorawar kakanku a Adogi tun tana da sauran danshi, don wutar rani in ta zo ta rasa abin ci. Bana ina kunnawa sai ga Audu da ɗanyen ganye yana bugu, wai "Iya, doka ta hana!" Na ce, "Kai ja'iri, ina wannan aiki tun uwarka ba ta yi haƙori ba." Ya kashe, ya tafi yana taƙama.

Ciyawa ta kai kafaɗa, ta bushe ƙayau. Makon jiya masu farautar gafiya suka saki wuta, ta cinye itatuwan ɗorawar nan bakwai ƙurmus, waɗanda marigayi kakanku ya raina da hannunsa. Audu ya zo duba ɓarna, ya tsaya cikin toka yana tambayata ko na ga wanda ya yi. Na ce na gani, ga shi a gabana.

Bana ba daddawa, kada ka aiko nema. Ka roƙa mini Allah ya sanyaya zuciyata, don har yau ban amsa gaisuwarsa ba. Gai da mai ɗakinka da yara.

Kakarka, Fanna.