Na Koya wa Kwikwiyo Tsafta, Yanzu Ƙanena Na Son Abinsa

Malama, ki taimaka mini da shawara tun kafin zumunci ya lalace a kan kare.

Ni tsohon direban babbar mota ne. Bara shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ni. Da na samu sauƙi likita ya ce in riƙa takawa, ni kuwa na kafa kujera a baranda na ƙi motsi, don jan ƙafar hagu nake yi, ba na son idon maƙwabta. Matata ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta gaji.

Ana nan sai ƙanena ya shigo da kwali, ciki da kwikwiyo ɗan mitsitsi, barbarar yanyawa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Wai ya samo wa yaransa ne, ya ɓata musu gida da fitsari da kashi, sun doke shi sun gaji, in riƙe kafin a samu mai so. Na sa masa suna Guntu.

Malama, abin ba a cewa komai. Ƙarƙashin igiyar shanya, bakin ƙofar kicin, har cikin takalmina. Matata, da yake ita ke wankewa, ta ce ko ya shiryu ko ya bar mata gida. Ban ga laifinta ba.

To, mai zaman banza ba ya rasa kallo. Na lura in ya tashi daga barci ko ya gama cin abinci, sai ya hau shinshina ƙasa yana zagaye. Na sa aka zuba yashi a lungun bayan gida. Sai dai dole wani ya kai shi, matata kuwa ta ce ba da ita ba. Haka na ɗauki sanda na miƙe. Ranar farko ba mu kai ba, ya tsuguna a hanya, ni kuma na zauna kan bokiti ina haki. Ban taɓa dukansa ba. In ya yi a kan yashin, in ba shi guntun nama in yi ta yabonsa. In ya yi kuskure, in goge wurin da sabulu har warin ya fita, don kar ya koma.

Wata safiya sai ga shi yana karce ƙofar baya yana kuka. Na buɗe, ya ruga kan yashinsa, ya gama, ya dawo yana kaɗa jela. Ihun da na yi sai da ludayi ya faɗi daga hannun matata. Tun daga nan bai sake ɓata tsakar gida ba. Yanzu ni da shi muna zuwa ƙarshen layi mu dawo, ba sanda.

Jiya ƙanena ya zo, ya ga yadda Guntu ya zama, ya ce yara sun dame shi, zai ɗauki abinsa. Gaskiya riƙo ya ba ni, ba kyauta ba. Ya zan yi?

Tsohon Direba

Baba, barka da arziki. Ka yi aiki biyu da sanda ɗaya: ka gyara kwikwiyo, ka ta da kanka.

Ƙaninka bai yi ƙarya ba, riƙo ya ba ka, kuma yaransa na da nasu son. Amma shi ya ce a riƙe kafin a samu mai so, ga shi an samu, kai ne. Na kuma lura ba ka faɗa masa abin da ka faɗa mini ba. Shi kare mai tsafta ya gani. Bai san wannan karen ne ya miƙar da yayansa ba. Ka zaunar da shi, ka cire kunya ka gaya masa, ka roƙa a matsayin alfarma. Da wuya ƙani ya ji haka ya dage.

Ka kuma sanar da shi cewa kwikwiyo da wuri yake sabawa. In aka canja masa gida zai iya komawa gidan jiya, duka kuma ba abin da yake koya masa sai ɓuya. Ka gayyato yaran su riƙa zuwa ranar hutu, su raka ku yawo, su koyi yadda kake yi. In sun iya, a samo musu nasu.

In ya ƙi, ka ba shi da hannu biyu, ka je ka zuba musu yashi da kanka, kuma ka ci gaba da tafiyarka kullum. A kai Guntu rigakafi, a riƙa sauya yashin. Mama kuma ta cancanci godiya ta musamman.

Allah ya ƙara lafiya, ya bar zumunci.