Keken Ɗinkin Rahma

Rahma,

Na tafi Kankiya kafin ki dawo daga Islamiyya. Keken ɗinkinki ya iso, yana ɗakina ƙarƙashin ƙwarya. Ki buɗe da haƙuri.

Kin ce in kai kuɗinki wurin mai kekuna a kasuwa. Ni kuwa na tsaya kan shafin nan na waya mai jera farashin shaguna, mafi arha a sama. Kwana uku ina kallonsa, kasuwannin duniya duk a tafin hannuna. Na zaɓi na saman. Farashi na duba, ban duba girma ba. Da direba ya miƙo mini shi a tasha, ashe ɗan mitsitsi ne, a aljihu na sako shi.

Na san bikin Ƙofa ranar Asabar ne, kuma kin karɓi yadin ankon mutane. Na tafi da rediyona da tunkiyata in sayar, ba zan dawo ba sai da keke na gaske. Laifina ne. Kada ki gaya wa innarki, ni zan gaya mata.

Ƙaramin kuma kada ki jefar. Yana ɗinki, na gwada a hulata.

Babanki