Ni Na Ɗinka Cikon da Ke Hoton Tallarku

Zuwa ga Hajiya, mai gidan abayoyin da nake yi wa ɗinki a nan Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da ma'aikata baki ɗaya. Allah Ya sa haka, amin.

Ban ambaci sunanki ba, ban ambaci sunan shagonki ba, kuma ba zan ambata ba. Kin san da ke nake. Ni ce Ummu Ruwaida ta Utaibiyya, wadda shekara tara ke nan motarku tana kawo mata yadi ranar Asabar, ta kwashi ɗinkakku ranar Laraba. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san Larabci ya fi miki sauƙi yanzu, amma a unguwar Tandabawi ta nan Makka kika tashi, a gidan da ake tuƙa tuwo, kuma ina so maganar nan ta shiga kunnenki da harshen da kakarki take yi miki faɗa. Na kuma sa ta a fili ne saboda sau uku ina zuwa shago, sau uku manajanki yana ce min kin fita.

'Yata Ruwaida, shekararta goma sha tara, yau kwananta goma sha biyu a asibiti. Ba ta cin abinci. Abin da ya kai ta can daga hoton tallarku ya faro, kuma da hannuna dumu-dumu a cikin hoton nan. Bari in faɗa miki dalla-dalla.

Na farko, yadda aka yi hoton. A watan Sha'aban da ya wuce kuka fito da kayan Sallah na mata masu jiki, irina da irin 'yata. Wallahi na yi murna, don mun gaji da shiga shago a auna mu da ido tun daga ƙofa a ce babu. Saura mako guda a ɗauki hoto, manajanki ya aiko min da soso irin na kujera da awo a takarda, ya ce in yanka in ɗinka ciko, biyu na kwankwaso, ɗaya na mazaunai, ɗaya na ƙirji. Na ɗinka. Ranar ɗaukar hoton aka ce in zo da gwangwanin fil ɗina. Yarinyar da kuka ɗauko doguwa ce siririya, ni na sa mata tef, ƙugunta inci ashirin da takwas. Abayar kuwa na yanka ta ne don mace mai inci arba'in da huɗu. Aka ɗaura mata cikon, aka zura mata rigar, ni kuma na durƙusa a bayanta na tattare ragowar yadin na kafe shi da fil goma sha ɗaya, har rigar ta lafe a cikinta. Ba ta iya zama, ba ta iya juyawa, a tsaye ta wuni baiwar Allah, kuma ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri. Abin da ya rage mai hoton ya ƙarasa a kwamfuta, ya rage damtse, ya ja wuya. Sannan kuka rubuta a ƙasa da Larabci wai ga mace mai jiki, wai kowace ta so kanta yadda Allah Ya yi ta.

Hajiya, tun ina budurwa nake auna mata. Na auna 'yan unguwa, na auna Sudanawa, na auna alhazai daga ƙasashen da ban san sunansu ba. Ban taɓa sa tef a jikin macen da ke da wannan kwankwaso da wannan ƙirji, kuma ba tumbi, ba damtse, ba haɓa ba. Babu ita a duniya. Ni na haɗa ta da soso wata Talata bayan azahar.

Na biyu, ranar Sallah. Ruwaida jikina ta ɗauko, ni kuma na uwata. A gidanmu ba abin kunya ba ne, kakarta har tsokanarta take yi tana cewa ita ce kaɗai jikar da kunun gyaɗa ya karɓa. A makaranta ne ake yi mata dariya, ta kuma iya shanyewa. Ranar da ta ga tallarku da gudu ta same ni a kan keken ɗinki, rabi Hausa rabi Larabci kamar yadda yaran nan suke yi, tana cewa yau dai an samu shagon da ya san da zamanmu, kuma waccan mai launin ganyen zaitun take so. Na ɗinka mata da awonta, na ƙure basirata a kai. Da safen Sallah ta saka, ta tsaya gaban madubi da waya a hannu, ta dubi madubi ta dubi waya. Sai ta tambaye ni me ya sa tata ba ta zauna kamar ta hoton ba, alhali lamba ɗaya ce.

A nan na yi laifin da zan tsaya da shi gaban Allah. Miya tana kan wuta, baƙi suna hanya, manajanki ya riga ya ja mana kunne cewa abin da aka gani a ɗakin hoto a bar shi a can, keken nan kuma shi ke riƙe da gidan tun rasuwar babanta. Sai na yi dariya na ce mata ai jiki da jiki ba ɗaya ba ne. Ta cire rigar ta ninke, ta je gaisuwar Sallah da tsohuwar abayarta.

Na uku, azumi. Ta yi Sittu Shawwal, na sa mata albarka. Ta kama Litinin da Alhamis, na ƙara sa mata albarka. Daga nan ta koma yau azumi gobe hutu, irin na Annabi Dawuda, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ki gaya min, a garin nan wace uwa ce za ta hana 'yarta azumi? Ni fa har tinƙaho nake yi, kaico. Na faɗa wa maƙwabta, na faɗa a wajen walima, har wata ta ce in turo ta ta yi wa 'ya'yanta nasiha. In an sha ruwa, dabino ɗaya da kofin zamzam, ta ce ta ƙoshi. Ranar da ba azumi ta ce ta ci a wajen ƙawarta. Ta koma kullum bayan la'asar tana Harami tana ɗawafi a saman bene. Na ce mata ai ƙasa ya fi kusa, ta ce sama ba cunkoso. Ashe don zagayen sama ya fi tsawo ne, wayarta tana ƙirga mata taku. Lokacin aikin Hajji ya zo, ɗinki ya rufe ni ruf, ban ɗaga kai na dubi yarinyar nan da kyau ba. Abaya kuma kin fi ni saninta, yadda take rufe ƙiba haka take rufe rama. Waɗanda suka ga fuskarta ta faɗa sai su ce masha Allah, ta yi kyau.

A farkon Safar ɗin nan ta yanke jiki ta faɗi a wajen ɗawafi. Wata 'yar Sakkwato da ta zo umara ita ta ɗauki wayarta ta kira ni, Allah Ya saka mata da alheri. A asibiti da suka ɗage mata riga za su maƙala na'ura, na ga haƙarƙarin 'yar da na haifa ɗaya bayan ɗaya. Gashinta ya zube a cikin ɗankwali. Likita ta ce zuciyarta ta yi rauni, ƙodarta ta taɓu, al'adarta ta ɗauke wata da watanni, ni uwarta ina ɗaki ɗaya da ita ban sani ba. A jakarta na sami shayin nan mai sa zawo. Da na kunna wayarta, hoton tallarku ne a fuskar wayar.

Na huɗu, na san amsar da za a ba ni, don manajanki ya riga ya ba ni ita a tsaye a bakin ƙofa, ko kujera bai nuna min ba. Wai kowa haka yake yi, wai talla ce kawai, wai yarinyar ce dama mai rauni. To, likitar ma ta ce ciwon nan ba abu ɗaya ke kawo shi ba, na kuma yarda. Akwai 'yan makaranta, akwai waya, akwai ni. Amma tallar sirara 'yata ta saba gani, wucewa take yi, ta san ba da ita ake ba. Taku ce ta tare ta ta ce mata ke ce wannan. Abin da ya karya ta shi ne a ce ko a cikin masu jikin ma ita ce ba daidai ba. Kuma haba Hajiya, ko a sayar da tumatir, in aka jera manya a sama aka cusa ruɓaɓɓu a ƙasa, mun san sunan abin. Kiran sallar Harami yana shigowa har cikin ɗakin hoton lokacin da nake kafa fil, na ji shi da kunnena ban tsaya ba.

Na biyar, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. A kwananta na uku a asibiti na zauna a bakin gadonta na faɗa mata komai, soson, da fil ɗin, da kwamfutar. Ta dube ni ta yi ɗan murmushi, ta ce dabara ce kawai don ta ci abinci. Ta ce ni uwa ce, kullum cewa nake yi ta yi kyau, don haka maganata ba ta shiga lissafi. Ta ce in da gaskiya ne, ai da na faɗa mata ranar Sallah. Na rantse mata da Allah, ta juya fuskarta bango. Cikon yana wurinku. Hotunan da aka ɗauka ta baya suna cikin kwamfutar mai hotonku. Su na je roƙo har sau uku aka ce kin fita.

Don haka ga abin da nake roƙo, don Allah don Annabi. Ki ba ni aron cikon nan ko na wuni ɗaya, ko hoto guda na bayan rigar, in kai mata ta gani da idonta. Ki sauke tallar, ki rubuta a shafinku, da sunan shagonku, yadda aka yi ta. In kunya ce ta hana, ki ce telarku ce ta yi, ki sa sunana, na yarda. Gaba kuma kayan masu jiki a sa wa masu jiki, da tumbinsu da damtsensu. Ga su nan cike da gari, in ba sa son fuskarsu ta fito a rufe fuskar. Ni dai ba zan sake yanka soso ba. In motarku ta zo ranar Asabar zan karɓi yadi in ɗinka kamar kullum, in ba ta zo ba na gane.

Likita ta ce in Ruwaida ba ta fara ci da bakinta ba zuwa ƙarshen makon nan, za a zura mata robar abinci ta hanci. Ban ce rubutunki zai warkar da ita ba, waraka ta Allah ce. Amma kowace safiya shafinku take buɗewa kafin ta gaishe ni. Ni ta daina yarda da ni, ku take yarda da ku. Ki faɗa mata, Hajiya.

Allah Ya yi wa kasuwancinki albarka, Ya tsarkake shi, Ya jiƙan magabatanki. Allah Ya raya miki 'ya'yanki mata cikin lafiya, kada Ya nuna miki ranar da za ki zauna a bakin gadon asibiti kina rantsuwa 'yarki tana juya miki baya.

Wassalamu alaikum.

Telarki,
Ummu Ruwaida,
Utaibiyya, Makka.